Tambayoyinku kan digirin digirgir: sauya fage, zaɓen malami da abin da ya cancanci a kashe wa kuɗi

A makon nan wasiƙun da suka taru duk kusan hanya ɗaya suka bi, wato karatun digirin digirgir a fannonin tarihi, falsafa, adabi da kimiyyar siyasa. Na zaɓi uku.

Tambaya: Assalamu alaikum. Lauya ce ni, digirina na farko da na biyu duk a fannin shari'a na yi su, kuma shekarata tara ina aiki. Yanzu hankalina ya karkata ga kimiyyar siyasa, ina son in yi bincike a kan dimokuraɗiyya da rashawa a ƙasashe masu tasowa. Wata ƙawata ta ce sai na koma na sake digiri na biyu kafin a karɓe ni. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Maganar ƙawarki ba ta zama doka ba. Kowace jami'a da sharuɗɗanta, kuma da yawa suna karɓar wanda ya fito daga fage makusanci. Shari'a da siyasa ai maƙwabta ne. Max Weber, wanda yau babu ɗalibin siyasa ko nazarin zamantakewa da zai tsallake shi, shari'a ya karanta, kuma kundinsa na 1889 a kan kamfanonin 'yan kasuwa na tsakiyar zamanin Turai ya yi shi. Thomas Kuhn a ilimin fiziks ya yi digirin digirgir a Harvard a 1949, amma da tarihin kimiyya duniya ta san shi. Saboda haka sunan da ke kan takardar shaidarki bai dame ni ba.

Abin da ya dame ni shi ne batun da kika ɗauko. Dimokuraɗiyya da rashawa a ƙasashe masu tasowa fage ne da mutum ɗari za su shekara goma a cikinsa ba su gama ba. Mai tantance masu neman shiga, da ya ga daftari irin wannan, abin da zai fahimta shi ne marubuciyar ba ta zauna da abin da aka riga aka rubuta ba. Kundin digirgir tambaya ɗaya yake amsawa, ƙarama, wadda za a iya nuna hujjarta. Dubi Elinor Ostrom. Kundinta na 1965 a jami'ar UCLA ya tsaya ne a kan yadda masu amfani da ruwan ƙarƙashin ƙasa a wani yanki na kudancin Kalifoniya suka shirya tsakaninsu don kada su ƙarar da shi. Ruwan rijiyoyi ke nan a yanki guda. Daga wannan ɗan ƙaramin aikin ta gina nazarinta na yadda jama'a ke kula da dukiyar da suka haɗa, har ta zama mace ta farko da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009.

Ke kuma kina da abin da yawancin ɗaliban siyasa ba su da shi: kin iya karanta hukuncin kotu, kin san yadda ake ɗage shari'a har ta mutu. To ki kama nan. Ɗauki ƙasa ɗaya, kotu iri ɗaya, shekaru goma ko goma sha biyar, ki tambaya me ya sa wasu ƙararrakin rashawa suke kaiwa ga hukunci wasu kuma suke ɓacewa a hanya. Wannan tambaya ce da ke da takardu a bayanta.

Kafin ki ƙulla zance da kowane batu, ki fara tabbatar da cewa za ki iya kaiwa ga hujjojinsa. Gwamnatoci suna rufe takardunsu na tsawon shekaru. A Birtaniya shekara 30 ne a da, aka fara rage shi zuwa 20 daga 2013. Fadar Batikan ba ta buɗe takardun zamanin Fafaroma Pius na 12 ba sai a watan Maris na 2020, kuma masu binciken Tarayyar Sobiyet sun jira har ta rushe a 1991 kafin su shiga ma'ajiyoyi da dama. Wani lokacin ma ƙasar ce gaba ɗaya take rufuwa. Benedict Anderson, da ya yi digirinsa a Cornell a kan Indonesiya, an hana shi shiga ƙasar tun 1972 har sai da shugaban ƙasar, Suharto, ya sauka a 1998. Shi ya riga ya gama kundinsa, ya koma nazarin Tailan da Filifin. Ɗalibar da ke shekara ta biyu ba ta da wannan sararin.

Giɓin da za ki cike shi ne hanyoyin bincike: yadda ake tsara hira, yadda ake kwatanta al'amura biyu, da ɗan lissafin ƙididdiga. Tsarin Amurka yana koyar da wannan a shekaru biyun farko na ɗaukar darussa, shi ya sa karatun can yake kai shekara biyar zuwa bakwai. A Birtaniya shekara uku zuwa huɗu ne, kuma ana ɗauka kin zo da shirinki. Idan can kika nufa, digiri na biyu na shekara guda a kan hanyoyin bincike zai amfane ki, kuma a nan kaɗai nake ganin gaskiyar ƙawarki.

Tambaya: Malam, jami'o'i biyu sun karɓe ni a fannin tarihi. Ta farko shahararriya ce, kuma farfesan da zai duba aikina sananne ne a duniya, sai dai babu tallafi, ni zan biya komai. Ta biyu ba ta kai ta suna ba, malamar da za ta duba ni ba ta daɗe da fara koyarwa ba, amma za su biya kuɗin makaranta su kuma ba ni alawus na shekara huɗu. Iyalina sun fi son ta farko.

Amsa: Ɗan'uwa, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka karɓi ta biyu, sai fa idan ka gano wani aibu babba a tattare da ita. Digirin digirgir a tarihi ba ya mayar da kuɗin da aka zuba masa da sauri, guraben koyarwa na dindindin ba su kai yawan masu kammalawa ba, kuma wanda yake aikin dare don ya biya kuɗin zango ba ya samun natsuwar zama da takardu. Akwai ƙasashen ma, irin su Suwidin, Norwe da Holan, da ɗalibin digirgir ma'aikaci ne mai albashi, domin sun ɗauki abin a matsayin aiki.

Shi kuma babban farfesa, ka tambayi ɗalibai nawa ne a hannunsa yanzu, da kuma shekarun da suka rage masa kafin ritaya. Sunansa zai yi maka amfani a wasiƙar shaida, wannan gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma abin da za ka buƙata kowane wata shi ne wanda zai karanta babinka layi-layi ya dawo maka da shi cikin mako uku. Jamusawa suna kiran mai duba kundi "uban dakta", kuma uban da ba ya gida sai sau biyu a shekara kowa ya san yadda yaransa ke tashi. Ka nemi ɗaliban da suka gama a hannun kowannensu, musamman wanda ya sauya malami a tsakiyar hanya, ka ji daga bakinsu. Ka kuma karanta maƙaloli biyu na malamar nan. Idan ka ji kana son yin jayayya da ita, alama ce mai kyau.

Iyalinka kuwa, ka nuna musu lissafin shekara huɗu a rubuce.

Tambaya: Ina shekarar farko a falsafar siyasa, na samu ɗan kuɗin bincike. Ina tunanin sayen sabuwar kwamfuta mai ƙarfi, littattafai kamar arba'in da manhajar tsara manazarta. Sannan wata mujalla ta aiko min imel cewa za ta buga maƙalata cikin kwana goma idan na biya.

Amsa: Mu fara da mujallar: kada ki biya, kada ma ki amsa. Mujallar ilimi ta gaskiya tana aika maƙala ga masana su tantance, abin da ke cin watanni. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya aika maƙalar bogi cike da kurakurai ga mujallu 304 masu karɓar kuɗi, 157 suka amince za su buga. Ganin sunanki a irin waɗannan wurare tabo ne, kuma maƙalar da ta fita a can ba za ki iya sake kai ta mujallar kirki ba. Ki duba ko sunan mujalla yana cikin kundin DOAJ, wato jerin mujallun ilimi da ake karantawa kyauta waɗanda aka tantance, wanda jami'ar Lund ta fara a 2003, sannan ki tambayi malaminki ko ya taɓa karanta ta.

Kwamfuta mai ƙarfi ba ta da aiki a falsafa. Mara nauyi mai batir mai daɗewa ta wadatar. Manhajar Zotero kyauta ce, kuma tana yin duk abin da kike nema. Littattafai arba'in a shekarar farko kuskure ne da ni ma na yi: na cika kanta, batuna ya sauya a wata na takwas, rabinsu har yau ban buɗe ba. Ki sayi biyar ko shida da za ki riƙa yi wa rubutu a gefe har ki gama, sauran ki aro a laburare, wanda yawanci yake iya nemo miki littafi daga wata jami'ar.

Ragowar kuɗin ki sa a koyon harshen masanin da kike nazari. Masaniyar falsafar siyasa Hannah Arendt ta rubuta kundinta na 1929 a kan ma'anar ƙauna a wurin Agustin, tsohon malamin addinin Kirista, a hannun Karl Jaspers a Heidelberg, kuma da Latin ta karanta shi. Ranar kare kundi, mai jarrabawa daga waje zai iya tsayawa a kan kalma guda ya tambaye ki yadda take a asali. Ki ware kuma wani abu don na'urar adana bayanai ta biyu, ki riƙa kwafe aikinki a kai duk ƙarshen mako, ki ajiye ta a wani ɗaki dabam da inda kwamfutarki take kwana.