In sassauta iskar taya a lokacin bazara?

Tambaya: Malam, ina jan motar haya tsakanin Kano da Potiskum. Da safe mai faci ya sa mini iska 32, da azahar geji ya nuna 36. In rage ne kada taya ta fashe? Daga wani direba.

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kada ka rage. Iskar da ke cikin taya ƙananan ƙwayoyi ne masu kai da komo suna dukan bangonta. In kwalta ta ɗau zafi, ga gudu, sai su ƙara sauri, dukan ya tsananta, alhali wurin bai ƙaru ba. Shi ya sa geji ya hau, kusan lamba 1 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 5 ko 6. Masu ƙera taya sun san da wannan.

Abin da nake jiye maka shi ne ƙarancin iska. In ka rage ta zuwa 32 da rana, da asuba in ta huce sai ta koma 28. Taya mai laushi gefenta yana lanƙwasuwa a kowane juyi, robar ta yi ta zafi har zarenta ya saki, ga fasinja cike da mota. Ka riƙa aunawa da sassafe kafin ka tashi, ka bi lambar da ke liƙe a jikin ƙofar direba.