Cuttlefish kifi ne? Da me za mu kira shi?

Malam, ka tambaya ko cuttlefish kifi ne, da kuma sunansa da Hausa. Sunan Turancin ne ya yaudare ka. Ba kifi ba ne, dangin dodon koɗi ne na nesa, a teku yake rayuwa.

Hannaye 8 gare shi, da wasu dogaye 2 da yake wurgawa ya cafko abinci. Zuciyarsa 3, jininsa kuma shuɗi-shuɗi saboda sinadarin jan ƙarfe. Wajen sauya launi kuwa, hawainiya ma sai dai ta sallama masa.

In ya tsorata sai ya feso baƙin ruwa kamar tawada, ya sulale. Shi ya sa Larabawa ke ce masa habbar, daga hibr, wato tawada. Ni dai "mai tawadar teku" ya fi kwanta mini a rai.