Amsa kan eriyar da ta ƙi kwancewa

Salamu alaikum jama'a. To ƙanena, na saurari saƙonka kan tsohuwar Yagi ɗin, wato eriyar rediyon nan ta bututun alminiyon, da ka sauko da ita daga rufin gidan Baba, ka ce bututun sun cije sun ƙi zaruwa, wane mai za ka saya. Ni a ganina gaggawa ce ke damunka. Na ga hoton ai, har ka sa filaya ka lotsa bakin ɗaya. Don Allah ajiye filayar nan.

Farin garin da kake gani a mahaɗar, alminiyon ɗin ne da kansa ya ci, garin ya cika tsakanin bututun biyu ya ƙulle su. Duba wajen kilif da noti, nan ya fi ci, saboda ƙarfe iri biyu sun haɗu, ga ruwan Jos yana dukansu tun Afrilu har Oktoba.

Cire kilif ɗin, ka jingina bututun a tsaye, ka ɗiga WD-40, man feshin nan na kwance tsatsa, ko kananzir... a'a tsaya, kafin nan ma, ɗauko tef ka auna tsawon kowane sashe ka rubuta a takarda. In ba haka ba ka mayar da ita ta ƙi zama a zangon rediyonta na mita 20, ka dawo kana cewa rediyo ne. Yauwa, sannan mai, safe da yamma, kwana uku ko huɗu, kana ɗan ƙwanƙwasawa da katako. Daga nan ka tafasa ruwa ka kwarara wa bututun waje kaɗai don ya buɗa. Ku naɗa tsohon tiyub na keke, ku biyu, ku riƙa murɗawa a hankali. Kar ku ja.

Wuta kuwa, ni an yi min, har yau abin na ci min rai. Na kai tawa wajen wani mai walda, na ce masa ɗumi kawai nake so. Ya ce Alhaji bar min, aikina ne. Yana jira ya ga ta yi ja irin na ƙarfe. Alminiyon ba ya ja, yana kaiwa digiri 660 na Celsius sai dai ka ga ya zube. A gabana wallahi! Guntun da ya tsira ma ya yi laushi, iskar farkon damina ta lanƙwasa shi. Kuma mutumin nan ya miƙo hannu wai kuɗin gas. Na zaga kasuwar Dilimi, na zaga ta Katako, ban samu bututu mai wannan kaurin ba, shekara guda eriyar na kwance a bayan ɗaki.

Af, wani ya ce a jiƙa a soda. Kul! Sodar sabulu cinye alminiyon take yi.

In ta zaru, ka goge da sanfefa mai laushi, ban da soson ƙarfe, ka shafa Penetrox ko Noalox, man da ke hana alminiyon ci, kafin ka mayar. Wanda ka lotsa ɗin kuma kar ka yanke tukuna, kawo min shi ranar Asabar bayan la'asar in gani.