Amsar Maigida: Kirifto Zai Iya Tsayuwa Ba Gwamnati Ba Banki?

Ka tambaye ni: "Maigida, wai kuɗin kirifton nan zai iya ɗorewa ba hannun gwamnati ba na banki? In zai iya, mu 'yan canji ina makomarmu?" To ɗana, ka natsu ka ji, don abu biyu ka ɗaure da igiya ɗaya. Akwai rayuwar kuɗin shi kansa a cikin na'ura, akwai kuma ranar da mai shi zai so ya sayi buhun shinkafa ko ya biya kuɗin makarantar yara. Na farkon an riga an ga zai iya. Na biyun nan gizo yake saƙar, kuma nan abincinmu yake.

Bitcoin, kuɗin kirifto na farko, tun watan Janairun 2009 yake aiki. Wanda ya ƙirƙiro shi da sunan Satoshi Nakamoto ya tsara shi ba ofis ba shugaba. Littafin lissafinsa yana hannun dubban kwamfutoci a ƙasashe daban-daban, kowace da nata kwafin, kusan duk minti goma a ƙara shafi guda. An ƙayyade ba zai wuce miliyan 21 ba, babu gwamnan bankin da zai wayi gari ya buga ƙari. A 2021 ƙasar Sin ta hana haƙo shi, wato aikin injinan da ke tabbatar da ciniki suna samun sabon Bitcoin a matsayin lada, alhali mafi yawan injinan haƙon a can suke. Masu su suka kwashe kayansu suka nufi Amurka da Kazakistan, cikin 'yan watanni aiki ya koma yadda yake. Nan gida ma, ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su rufe asusun masu harkar kirifto. Kasuwar ba ta mutu ba, sai ta koma hannu da hannu, abin da kuke kira P2P. Saboda haka duk wanda ya ce maka gwamnati za ta kashe Bitcoin da takarda ɗaya, bai san abin ba.

Amma dubi wannan P2P ɗin da kake yi kullum da idon basira. Mai sayarwa ya sa USDT ɗinsa, kirifton nan da aka ɗaure darajarsa da dala, manhaja ta riƙe a matsayin amana. Mai saye ya buɗe manhajar bankinsa ya tura naira zuwa asusun mai sayarwa. Sai kuɗin sun shiga kafin a saki kaya. Ka ga rabin cinikin a cikin banki ake yin sa. Lokacin da hanin nan yake da zafi, kowa gargaɗin abokin cinikinsa yake yi kada ya rubuta komai a gurbin bayanin turawa, don kada banki ya gane. Mutumin da ke ɓoye wa banki a cikin banki, ai bai fita daga hannun banki ba. Da naira ta yi ta zubewa a farkon 2024, gwamnati ta zargi Binance, babban kamfanin musayar kirifto, da hannu a ciki, aka tsare jami'ansu biyu a Abuja cikin Fabrairu, zuwa Maris kamfanin ya daina hulɗa da naira gaba ɗaya. Bitcoin bai tsaya ko na minti ɗaya ba a ranar, amma dubban 'yan kasuwa sai da suka tashi neman wata hanyar.

Yanzu ka tambayi kanka, masu shigowa nan kasuwar canji ta Wapa mene ne suke nema? Ba kasafai kake jin Bitcoin ba, USDT ne a bakinsu. Ɗan kasuwar da zai biya kuɗin kaya a Guanzu ta ƙasar Sin ba zai riƙe abin da ya kai kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021, shekara na zagayowa ya faɗo wajen 16,000 ba. Jarinsa ne, ba na caca ba. Yana son abin da in ya kwana dala ɗaya zai tashi dala ɗaya. To mene ne USDT? Kamfanin Tether ne ke fitar da shi, yana cewa kowane ɗaya akwai darajar dala a bayansa, kuma mafi yawan ajiyar tasu takardun bashin gwamnatin Amurka ne. Kamfanin yana da ikon daskarar da kuɗin da ke cikin walat ɗin mutum, wato ma'ajiyar kiriftonsa, ya sha yi kuwa idan hukumomin tsaro suka nema. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe: kirifton da ya fi karɓuwa a kasuwarmu shi ne wanda ya fi jingina da gwamnati, gwamnatin ce kawai ba tamu ba. An gwada yin irinsa ba da dala ta gaske a ƙasa ba, TerraUSD ke nan, ya rushe cikin 'yan kwanaki a Mayun 2022, dukiyar mutane ta bi ruwa.

Kada kuma ka ɗauka hannun gwamnati kaɗai ya isa ya raya kuɗi. El Salbado ta mayar da Bitcoin kuɗin ƙasa a Satumban 2021, mafi yawan jama'arta suka ci gaba da dalarsu, a farkon 2025 aka gyara dokar, karɓarsa ya zama ganin dama, bayan yarjejeniyar bashi da Asusun Lamuni na Duniya. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta bi sahu a 2022, shekara guda ta janye. Ga eNaira, nairar dijital ta Babban Banki, da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Oktoban 2021, yaushe rabon da wani ya shigo shagon nan ya ambace ta?

Kakanninmu sun yi ƙarnoni suna ciniki da wuri a Kasuwar Kurmi, ba sarkin da ya buga shi, daga tsibiran Maldibs ake kawo shi. Jama'a sun yarda da shi, ya yi aiki. Abu biyu suka kayar da shi: fataken Turai suka yi ta jido wani nau'in daga gaɓar Zanzibar har darajarsa ta zube, daga baya Turawan mulki suka hana shigo da shi, suka ce haraji da kuɗinsu za a biya. Matsalar farko Bitcoin ya toshe ta da adadin nan nasa. Ta biyun tana nan daram. Muddin albashi da haraji da kuɗin kwastan da tarar kotu da naira ake biya, dole kowa ya dawo ya nemi naira, ko da me ya yi ajiyarsa.

A ganina kirifto zai rayu, zai ma ƙara yaɗuwa wajen ajiya da tura kuɗi tsakanin ƙasashe, amma a gefen kuɗin gwamnati zai zauna, ba zai ture shi ba. Gwamnatocin ma sun gane kashe shi ba zai yiwu ba, sai suka koma tsare mashiga. A Disamban 2023 Babban Banki ya ɗage hanin nan ya kafa sharuɗɗa, a 2025 sabuwar dokar zuba jari ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Mu kuwa a mashigar muke zaune tun kafin a haife ka, tsakanin dala da riyal da sefa da naira. Kaya ne aka ƙara mana, ba a rufe mana shago ba. Batun halaccinsa malamai sun yi magana sun saɓa, ka je wurin wanda ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa.

Abin da ke hana ni barci a kanku matasa shi ne kuna jin daɗin kalmar "ba banki", ba ku lissafa tsadarta. Inda ba banki, ba kuma teburin da za ka kai kuka. Ka tura zuwa adireshin walat da ba na mai karɓa ba, ko ka tura ta layin da mai karɓa ba shi ya ba ka ba, wato hanyar da kirifton ke bi, sau da yawa sai dai haƙuri. Kalmomin sirri goma sha biyun nan da ke buɗe walat, duk wanda ya gan su ya mallaki kuɗin, don haka a takarda ake rubuta su a ɓoye, ba a ɗaukar hotonsu a waya, ba a tura wa kowa ko da ya ce daga kamfanin yake. Kuɗin da ka bari a manhajar musaya kuwa a hannun wasu suke. Da manhajar musaya ta FTX ta durƙushe a Nuwamban 2022, mutane suna ganin lambobi a waya amma ba damar cirewa.

In kana sayarwa, kada saƙon alat ya ruɗe ka, balle hoton rasit. Buɗe manhajar banki da hannunka, ka ga balas ya ƙaru. Sannan ka haɗa sunan wanda ya turo da sunan wanda kuke ciniki. In sun saɓa, ko ya ce ƙaninsa ne ko matarsa, mayar da kuɗin inda suka fito ka soke cinikin. Na ga yaro mai gaskiya a layin nan da aka ɗora wa asusunsa takunkumi wata da watanni, saboda kuɗin damfara sun ratsa ta wurinsa bai sani ba, jarinsa duka a ciki, yana ta zarya tsakanin banki da ofishin 'yan sanda.

Gobe alhajin nan mai atamfa zai zo tura kuɗin kayansa, kai zan bar wa. Ka sa ya tambayi mutuminsa na can wane layi yake karɓa, layin da ake kira TRC20 ne ko wani. Ka kwafo adireshin, kada ka rubuta da hannu, ka duba haruffan farko da na ƙarshe. Ka fara tura dala goma, sai an kira an ce ta shiga sannan ka tura sauran, ka rubuta lambar cinikin a littafi alhaji ya sa hannu.