Amsa: Wane shafi ne ya fi raba kuɗi da marubuci?

Ɗan'uwa, ka ce kana rubutu da Faransanci da Hausa daga nan Damagaram, kana neman shafin da zai riƙa raba kuɗi da kai. Kafin ka tambayi nawa suke biya, fara duba ta inda kuɗin zai iso hannunka. Nan ne mu 'yan Nijar muke cijewa.

Medium da Substack, shafukan wallafa rubutu, ta Stripe (kamfanin tura kuɗi ta intanet) suke biya, to ka buɗe jerin ƙasashensu ka ga Nijar da idonka tukuna. Medium yana lissafi ne galibi da lokacin da mambobi masu biyan kuɗin wata suka ɓata kan rubutunka, kuma yawancinsu Ingilishi suke karantawa. Ko mutum dubu daga zauren WhatsApp na unguwar Birni ko Zango su leƙa, in ba mambobi ba ne, kusan ba abin da zai ƙaru. Substack kuwa yana cire kashi 10 cikin 100, amma kai za ka nemo masu karatun da za su biya ka.

In shafinka za ka buɗe da AdSense, tsarin tallan Google, sai ka tara dala 100 ta Amurka kafin a biya ka, kuma Hausa ba ta cikin harsunan da suke karɓa. Faransanci yana ciki. Ni da shi zan fara.

Duk shafin da ya ce ka biya kuɗin rajista ta waya kafin ka ga sharuɗɗa, rabu da shi. Ka kuma karanta ko rubutun zai ci gaba da zama naka, ka adana kwafi a katin wayarka. Irin waɗannan shafuka kan rufe: Squidoo ya rufe a 2014, Bubblews a 2015, alhali mutane da yawa suna bin Bubblews kuɗi.