Baffa ya ce a kai ƙanena gidan mari

Tambaya: Anti, ƙanena ɗan shekara 24 ya faɗa shan kodin da tiramol. Ba ya barci, yana surutu shi kaɗai, har keken ɗinkin Inna ya sayar. Baffanmu ya ce a kai shi gidan mari. Me kika gani?
Yayarsa, Tudun Wada, Kaduna

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ni dai ban goyi bayan mari ba. Sasari da bulala ba sa magance wannan ciwo. Ai a Rigasa, kusa da ku, 'yan sanda suka kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga irin gidan nan a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa.

Ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa. Surutun nan da rashin barci, likita ne zai tantance ko ƙwaya ce ta jawo su, ko taɓin hankali ne ya fara tura shi ga ƙwayar. Kada ku yanke masa tiramol farat ɗaya a gida, jiki kan rikice.

Baffa kuwa, a lallaɓa shi, a roƙe shi ya raka ku asibitin da kansa. Inna ta daina ba yaron kuɗi a hannu, abinci dai kada a hana shi.