Tambaya da Amsa: Zan iya ba wa karnukana zuma?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina da karnuka biyu masu gadin gonata, babba mai shekara 4 da kwikwiyo ɗan wata 3. Tun shigowar hunturu babban yake tari da daddare, ga kuma gyambo a bakin kunnensa da ƙudaje suka hana warkewa. Wani abokina mafarauci ya ce in riƙa ba su zuma kullum, wai tana maganin tari, tana ƙara ƙarfi, kuma in shafa a gyambon. Ina da zuma mai kyau ta amya. Ba za ta cutar da su ba? Nawa zan ba su?

Amsa: Barka kadai, Malam. Babban zai iya lasar zuma kaɗan ba tare da wata illa ba, muddin ba shi da ciwon suga ko ƙiba. Kwikwiyon kuwa kada ka ba shi. Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne tarin nan, zan zo kansa.

Mu fara da abin da ke cikin zumar. Wajen kashi 80 cikin 100 nata suga ne, kimanin kashi 17 ruwa, ɗan abin da ya rage ne ke ɗauke da sauran sinadarai. Babban cokali ɗaya yana da kalori wajen 64. Bitamin da ake ta yabonta da su suna nan, amma ƙalilan ne ƙwarai, kare ba zai samu abin a zo a gani ba sai ya sha adadin da zai lalata masa ciki. Bitamin C ma jikin kare da kansa yake haɗa shi a hanta. Don haka maganar ƙara ƙarfi ban yarda da ita ba. Karen da ke samun isasshen abinci mai nama ko kifi ko ƙwai, ana ba shi maganin tsutsar ciki a kan lokaci, ana cire masa kaska, ba ya buƙatar zuma. Wanda kuma yake rayuwa a kan ƙanzon tuwo da ruwan wanke-wanke, zuma ba za ta cike masa giɓin ba.

Karnukanmu na gida yawanci ba sa wuce kilo 15 zuwa 20. Mai irin wannan nauyi, rabin cokalin shayi zuwa cokalin shayi ɗaya a rana ya ishe shi, kuma ba kowace rana ba. Ƙaramin kare rubu'in cokali. Ranar farko ka ba shi ɗan lasa ka sa masa ido. In ya yi amai ko gudawa, ko ya kama susa, ko fuskarsa ta kumbura, ka daina. Yawanta na kawo zawo da ƙiba, tana kuma manne wa haƙora. Ka tace ta, kada ka miƙa masa saƙa da matattun ƙudan zuma a ciki.

Dalilin hana kwikwiyo shi ne, ɗanyar zuma kan ɗauko iri mai taurin rai na wata ƙwayar cuta da ke cikin ƙasa da ƙura, wadda dafinta ke kawo shanyewar jiki, cutar da likitoci ke kira botulizim. Hanjin babban kare yana iya murƙushe irin, na kwikwiyo bai gama ƙosawa ba. Cutar ba ta cika kama karnuka ba, amma tunda ba abin da kwikwiyon zai ƙaru da shi, me zai sa a yi ganganci? Tafasa zumar ma ba ya kashe irin. Wannan ne kuma ya sa likitocin yara suke hana ba wa jariri zuma kafin ya cika shekara, abin da ya kamata iyaye mata da ungozomomi su riƙe. Ka jira kwikwiyon ya shekara. Abin da yake buƙata yanzu allurar rigakafi ce: ta distamfa (cutar karnuka mai kawo zazzaɓi, majina da tari) da ta cutar gudawar jini ana fara su tun yana sati 6 zuwa 8, ta haukan kare kuma daidai wata 3, shekarunsa ke nan yau.

To, tari. Gaskiyar abokinka a nan ita ce zuma tana lulluɓe maƙogwaro ta rage kaikayi. An gwada ta a kan yaran da suka haura shekara masu tarin mura, an ga tana ɗan sauƙaƙa musu tarin dare. A kare ma tana iya yin hakan idan busasshen tari ne na ƙurar hunturu, ko tarin da karnuka ke ɗauka a junansu, wanda yakan wuce da kansa cikin sati 1 zuwa 3. Ka dama cokalin shayi ɗaya a ruwa mai ɗumi ka zuba masa a kwano ya lashe da kansa. Sai dai lafawar tari daban, warkewar cuta daban. Tarin kare na iya zama distamfa, ko ciwon huhu, ko ciwon zuciya, ko tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa, kuma duk cikinsu babu wanda zuma ke taɓawa. Tarin da ya haura mako, ko ya zo da kwantsa da majina, ƙin cin abinci, haki, saurin gajiya ko kumburin ciki, na asibitin dabbobi ne. Naka tun farkon hunturu yake yi, ya riga ya wuce wannan wa'adi. Ka kai shi a saurari ƙirjinsa, kafin nan kuma ka raba masa makwanci da kwano da kwikwiyon.

Kada ka haɗa masa irin haɗin da muke yi wa kanmu na zuma da tafarnuwa ko albasa. Su biyun suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ne ko dafaffe. Haka nan ka guji ruwan zaƙin kwalba ko maganin tarin mutane da aka rubuta ba suga a ciki, domin wasunsu na ɗauke da zailitol, irin abin zaƙin da ake sa wa cingam, wanda ke faɗar da sugan jinin kare farat ɗaya har ya taɓa hanta. Taka ta amya ce, wannan bai shafe ta ba.

Wata magana kuma da ba na gajiya da maimaita ta. Idan kare ya fara dalalar da miyau, ya kasa haɗiya, haushinsa ya sauya, ko muƙamuƙinsa ya saki, kada kowa ya cusa hannu a bakinsa da sunan ba shi zuma ko ciro ƙashi. Haukan kare ba kullum yake zuwa da cizo da gudu ba, akwai mai zuwa shiru, kuma miyau ne ke ɗauke da shi. A killace karen a kira likita. Wanda miyan ya taɓa masa rauni ya wanke da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar.

Inda zuma ta fi cancantar yabo shi ne a kan miki. Yawan sugarta yana tsotse ruwa daga ƙwayoyin cuta, tana da ɗan tsami da ba sa jurewa, sannan in ta haɗu da danshin rauni tana fitar da sinadarin haidirojin faroksayid kaɗan-kaɗan, irin wanda ake wanke ciwo da shi. Asibitoci a ƙasashe da yawa suna amfani da zumar da aka tsarkake musamman don rauni, mafi shahara ita ce manuka ta ƙasar Niyu Zilan. Ga ƙaramin rauni mara zurfi a ƙafa ko a jiki, ka wanke da dafaffen ruwa rabin lita da aka sa wa gishiri cokalin shayi ɗaya, ka shafa zuma a bandeji mai tsabta ka ɗaure, ka canza kullum, ka hana shi lashewa. Cizon wani kare, saran maciji, rauni mai zurfi ko mai wari da mugunya, waɗannan ba aikin gida ba ne.

Gyambon kunnen naka dai ba zan sa masa zuma ba. Bakin kunne ba ya ɗauruwa, kare na kaɗa kai ya yar da bandejin, zuma a fili kuma kiran ƙudaje da tururuwa ce. Ƙudajen ne asalin ciwon. Ka wanke shi a hankali, ka nemi man shafawa mai korar ƙuda a wurin likitan dabbobi, ka kwashe kashin dabbobi da ragowar abinci daga inda yake kwana, ka ba shi inuwa nesa da garke.

Abokinka zai fi ka cin moriyar zuma. Karen farauta da ya wuni yana gudu da yunwa, sugan jininsa kan faɗi, sai a ga yana tangaɗi, yana karkarwa, wani lokaci ya zube. Idan karen an yi masa rigakafin hauka kuma lafiyarsa ƙalau da safe, ya lakato zuma ya goga masa a dasashi, kada ya ɗura masa a baki don kar ya shaƙe. Ya kai shi inuwa, in ya farfaɗo ya ba shi ruwa da abinci kaɗan. Idan minti 10 suka wuce bai motsa ba, ko jikinsa ya yi zafi rau yana haki, to ya zuba masa ruwa a jiki ya nemi likita da gaggawa, domin bugun zafin rana ma haka yake kayar da kare.